Hannuwan da Kawu Ya Ara

Allah da Ya ba mu Kawu Ya karɓi abinSa ranar wata Talata bayan azahar, a gidansa na tsohon gari. Wan mahaifiyata ne. Sana'arsa zanen alluna. In ka bi kasuwar Agadas ka ga kai mai sabon aski a ƙofar mai aski, ko hannu riƙe da tsinken nama a rumfar mai balangu, to da wuya in ba aikinsa ba ne.

Wajen zaman makoki mutane sun yi ta ba da labarinsa, har aka riƙa murmushi a inda bai kamata a yi ba. Wani tsohon mahauci ya ce: "Shekara da shekaru yana zuwa mini da sassafe, ya kama ƙafar rago ya lanƙwasa ya miƙe, ya lanƙwasa ya miƙe. In ce, Malam, saye za ka yi ko gaisawa kuke? Ya ce, gwiwa nake yi wa tambaya." Mai askin unguwa ya ce tun da Kawu ya zana masa allo baƙi ke shigowa suna nuna kan da ke jiki suna cewa irin wannan, alhali kan liman ne na wancan lokaci. Maɗorin unguwarmu, abokin Kawu tun suna samari, shi ma yana wajen. Yana zaune yana murza yatsunsa.

Amma a bayana na ji wata magana da ta hana ni cin abinci ranar. Kawu yana cikin masu wankan gawar maza a unguwa. Wani ya ce wa na kusa da shi, ƙasa-ƙasa: "An ce duk wanda ya wanke yana cikin littattafan zanensa. A ina kake tsammani ya san jikin mutum haka?"

Maganar ta kai kunnen Yaya, babban ɗan Kawu, wanda ke tuƙa motar kaya a hanyar Kawar, can cikin hamada. Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka watse, ya jawo akwatin ƙarfe daga ɗakin mahaifinsa ya buɗe. Cike yake da kaye, wato littattafan rubutu irin na ƴan lekol, makarantar boko, da takardu warwatse, duk zanen jikin mutane.

Ya ce: "Ba zan bar shi da wannan nauyi a kabari ba. Yau zan ƙona su."

Na ce: "Yaya, don Allah ka dakata."

"In dakata har yaushe? Kai ne kullum kake tambayar malamai ko zane halal ne. Yau kuma kai ne mai kare shi?"

Gaskiya ya faɗa. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ita ta yi magana daga bakin ƙofar ɗakinta, inda take takaba. Ta ce: "Ka bar wa ƙanenka akwatin zuwa arba'in. Abin da ya rage a ciki ranar, ka yi yadda ka ga dama." Yaya ya rufe akwatin ya tura mini shi da ƙafa. Ba da raini ba. Ina jin ba ya son hannunsa ya sake taɓa shi ne.

Ya kamata in faɗi yadda aka yi na zama na kusa da wannan akwati. Ni maɗinki ne. Na yi lekol har aji shida, ban ci jarrabawar sartifika ba, aka kai ni koyon keken ɗinki. Na wuce shekara talatin kafin in je wa Kawu da buƙata. Mata kan zo su kwatanta mini ɗinkin da suke so da baki, in ɗinka, su ce ba haka suka ce ba. Sai na ga gara in riƙa zana musu tukuna mu yarda. Na zana mace sanye da doguwar riga na kai masa ya gani.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce: "Wannan baiwar Allah ta huta. In diddigenta ya yi ƙaiƙayi ba sai ta sunkuya ba."

Hannuwanta sun wuce gwiwa. Ni ban ma lura ba.

Ya ce: "Ka san riga, ba ka san abin da ke ɗauke da ita ba. Kafaɗa ke ɗauke da riga. Kawo metir ɗinka."

Da metir ɗina na awon ɗinki ya fara koya mini. Ya sa na auna kansa daga tsakar ka zuwa haɓa, sannan na ga sau nawa wannan awo zai shiga tsayinsa. Ya shiga sau bakwai da ɗan ƙari. Ya sa na sauke hannuna, ya nuna mini gwiwar hannu tana daidai ƙugu, yatsu suna tsayawa tsakiyar cinya. Ya sa na ɗora tafin ƙafata a kan hannuna daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, na ga kusan tsayi ɗaya ne. Na yi shekaru ina auna mutane ban taɓa ganin wannan ba. Da na fara murna na sami doka, sai ya ce: "Kada ka riƙe ta da ƙarfi. Gobe za ka haɗu da mai dogon wuya, ka ce shi ya yi kuskure."

Shi bai yi lekol ba, allo kawai ya yi. Littafin koyon jikin mutum kuwa ba a sayar da shi a garin nan lokacin da ya tashi. Ya ce wani baƙo ya taɓa bar masa ɗaya, mutanen ciki duk an feɗe su, suna tsaye irin tsayuwar da ba mai yin ta. Ya koyi inda tsoka take daga ciki, amma bai koyi yadda mutum ke ɗaukar tulu ba. Sauran duk a gari ya nemo shi. Maɗori kan bar shi ya zauna gefe in ana ɗori, in mai karayar ya yarda. In wani ya gama da hoton radiyo na ƙashinsa da aka ɗauka a likita, zai roƙe shi ya ba shi, ya ɗaga shi ga rana yana ƙirga ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu. Yana zuwa wajen masu buga tubali, don ya ce babu inda baya ke nuna kansa kamar wajen mai sunkuyo. Sau ɗaya a shekara yakan hau motar masu kayan lambu zuwa Timiya, ya zauna bakin rijiya yana kallon kafaɗun masu ban ruwa.

Filin kokowa ne babbar makarantarsa. Ranar da ya fara kai ni, na fito da kiriyo, wato fensir, da gom na gogewa, na fara zana idon ɗan kokowa a hankali. Kafin in gama ido ɗaya an kayar da shi. Kawu ya karɓe gom ɗin ya jefa aljihu.

"Wa ya aike ka ido? Wace ƙafa ke ɗauke da shi?"

"Ta dama, ina jin."

"Kana ji ko kana gani? Ja layi ɗaya daga ƙeya zuwa wannan diddigen. Shi ke nan. Na gaba."

Ranar na cika shafi goma da layukan da suka yi kama da tsutsotsi. Ya ce in yi haka kullum, ko a bakin rumfata, da duk wanda ya tsaya sayen goro. Ya ce hannu ne ke koyo, kuma hannu jinkirin fahimta gare shi, sai an maimaita masa.

Ni kuwa duk wannan lokaci zuciyata ba ta kwanta ba. Na tambayi malami ɗaya ya ce zanen mai rai a guje shi. Na tambayi wani ya ce in don sana'a ne, ba don girmamawa ba, da sauƙi. Na dawo da damuwa biyu maimakon ɗaya. Wani ya ce mini in aka ja layi a wuyan hoton kamar an raba kai da jiki, ya fita daga mai rai. Tun daga nan ban gama zane ba sai na ja wannan layi. Kawu in ya gani sai ya ce: "Ka yanka ta kuma? Ka dai yi bismilla ko?" Amma bai taɓa hana ni ba. Ya ce wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da layi ya ja layi. Shi nasa ka'idojin daban ne. Bai zana namiji ba wando ba. Mace kuwa hannu da ƙafa kawai, da yadda mayafi ke sauka daga ka. Kuma bai ɗora kiriyo a takarda ba sai ya ce wa mutum: "Ka ara mini hannunka na ɗan lokaci?"

A kan wannan muka yi faɗanmu, wanda shi kaɗai ne tsakanina da shi. Da na sayi salula mai ɗaukar hoto na ga wahala ta ƙare. Na ɗauki wani mai dako a tasha yana ɗaga buhu, bai sani ba. Na kai wa Kawu ina jin daɗi, na ce ga mai tsayawa cak har sai mun gama.

Ya ce: "Ya sani?"

Na ce a'a.

"Kai da ke yanka takarda don tsoron Allah, ka iya ɗauko bayan mutum ba da saninsa ba ka sa aljihu? Tashi."

Da ƙafa muka tafi tasha cikin rana, yana gaba ina baya. Muka sami mutumin, na nuna masa, na ba shi haƙuri, na goge a gabansa. Mutumin ya yi ta dariya, ya ce shi bayansa har wani abin kallo ne? Kawu ya ce: "Ya fi fuskar mutane da yawa. Za ka ara mana shi?" Ya ara mana. Kawu ya saya masa shayi.

Akwai kuma wata maƙwabciyarsu da aka haifa da karkatacciyar ƙafa, ba ta taɓa samun takalmin da ya zauna mata ba. Kawu ya nemi izinin mijinta da nata, ya zana ƙafar ta gefe uku, ya kai wa baduku, suka yi kwanaki suna gardama a kan inda fata za ta yi kauri. Matar ta zo gaisuwa da takalmin a ƙafarta. Na gani, don na duba.

Duk wannan na sani. Amma da na kai akwatin gida sai tsoro ya kama ni. Shekara takwas kawai na yi tare da shi a wannan harka, kayen kuwa sun fi shekara arba'in. Me na sani game da ƙuruciyarsa? In na buɗe na ga abin da ake faɗa fa? In kuma na hana a ƙona, ya zama ni ne sanadin wahalarsa a can? Kwana uku ina zagaya akwatin. A na huɗu na mayar da shi gidan Kawu, na roƙi Inna mu buɗe tare, maɗori ya zauna mana a bakin ƙofa don ya fi ni karanta ajami.

Kowane shafi akwai rubutu a ƙasa, ƙanana. Maɗori yana karantawa: "Hannun maƙerin azurfa riƙe da guduma, ya yarda." "Ƙafar mai ban ruwa a Timiya, ya yarda." "Bayan ɗan kokowa, ya yarda, ya ce in ƙara masa tsoka, ban ƙara ba." Mun yi kwana biyu muna bi. Na sake bi ni kaɗai har sau biyu, ina neman ko shafi ɗaya ne marar rubutu, ko jikin da ke kwance ba motsi. Babu. Kowa a cikin akwatin nan yana ɗaga wani abu, ko yana jan wani abu, ko yana tafiya.

Inna ta ce: "Da kun tambaye ni ai da na faɗa muku. In ya dawo daga wankan gawa, kwana uku ba ya taɓa kiriyo, ko aikin allo ne na gaggawa. Ya ce kada hannunsa ya tuna abin da ba a ba shi ba."

Na ji sanyi, amma ban huta ba. Na ce to ko da izini ne, nauyin zanen fa? Yaya dai zai ƙona.

Maɗori ya ce: "Kai ɗan nan, ka cika wahalar da kanka. Aro ya ce yana yi, ko ba haka ba? To mai aro ya rasu. Ka mayar wa masu shi, ka ce su yafe masa. Mai son ajiyewa ya ajiye, mai son ƙonawa ya ƙona abinsa."

Haka na rufe rumfata rabin yini kullum, na shiga gari da takardu a cikin jaka. Ban san aiki ne mai yawa haka ba. Wasu sun ƙaura, wasu sun rasu sai magada.

Ɗan kokowan nan na same shi ya tsufa, yana sayar da gawayi. Ya riƙe takardar nesa da idonsa, ya kira matarsa. "Zo ki ga abin da kika aura! Kullum ina faɗa wa yaran nan suna cewa ƙarya nake." Ta leƙa ta ce: "Wannan bayan na san shi. Ina ka kai shi?" Ya ce ya yafe duniya da lahira, sai dai har yanzu yana ganin an rage masa tsoka.

Maƙerin azurfa ya rasu da daɗewa. Matarsa ta karɓi shafin. Ta sa yatsa a kan wani ɗan tabo a gindin babban yatsa, ta ce wuta ce ta ƙone shi shekarar da suka yi aure. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta shiga ɗaki da takardar. Na tsaya a zaure ina jira har ɗanta ya fito ya ce in tafi, babu komai. Har yau ina tunanin ko ya kamata in koma in ji daga bakinta.

Wani kuma, mai buga tubali a da, ya ce lokacin da ya yarda bai san abin da ya sani yanzu game da hukuncin zane ba. Ya ce in ƙona nasa. Na ƙona a gabansa ba da son raina ba, don shafi ne mai kyau ƙwarai. Ya ce ya yafe, ya yi wa Kawu addu'a mai tsawo. Ban ga laifinsa ba. Bayansa ne.

Na Timiya an ce in ba direba ya kai. Ban yarda ba, don direba zai miƙa takarda ne kawai, ba zai nemi yafiya ba. Na hau motar da kaina, na kwana biyu, na dawo da buhun lemu da masu lambu suka ce a yi wa Kawu sadaka da shi.

Ranar arba'in ta zo akwatin bai ƙare ba. Kaye ɗaya ya rage, wanda na rasa yadda zan yi da shi. Bayan an yi addu'a da safe an raba sadaka, Yaya ya kira ni bayan gida. Ya riga ya tara kara, ashana tana hannunsa.

"Ka gama?"

"Saura ɗaya, Yaya. Na yi iya ƙoƙarina. Ban san inda masu shi suke ba."

Ya karɓa ya buɗe, ina jin don ya tabbata ne kawai. Ƙafafu ne daga farko har ƙarshe. Wasu da faso, wasu a kumbure, wasu cikin takalmin roba da aka ɗaure da igiya. Kawu ya zana su ne a tasha, wajen baƙin da ke jiran motar arewa mai ratsa hamada. Yaya ya fi ni ajami, ya riƙa karantawa a hankali: "Ƙafar wani saurayi daga bakin teku, ba ya jin Hausa, na nuna masa kiriyo ya gyaɗa kai. Gobe za su tashi." Ya juya. "Ƙafar wani mai ƴaƴa uku, ya yarda. Gobe za su tashi." Ya juya. Kusan kowane shafi da wannan kalma yake ƙarewa.

Ya zauna a kan turmi. 

Ya ce: "Ka san bayan Segedin akwai wuraren da muke wucewa mu ga duwatsu an jera a kan kaburbura? Ba suna, ba komai. Mu dai mu yi addu'a mu wuce."

Na ce na ji ana faɗa.

"Wani a cikin nan, wataƙila duk duniya ba abin da ya rage nasa sai wannan ƙafa." Ya rufe kayen. "Wa zan tambaya kafin in ƙona?"

Ya mayar da ashanar aljihu.

Ya ce in ɗinka masa jaka ta yadi mai kauri, wadda yashi ba zai shiga ba. Zai ajiye kayen a motarsa. Ya ce a garuruwan hanya akwai waɗanda suka tafi suka dawo, da waɗanda suka tsaya suka yi aure a can, zai riƙa nunawa in an zauna shan shayi, ko wani zai gane ƙafarsa ko ta ɗan garinsu. Na ce in ba a samu kowa ba fa? Ya ce: "Kai dai ɗinka jakar." Na ɗinka ta ranar, na bi bakinta sau biyu. Ranar Asabar ya tafi da ita.

Har yanzu ban san hukuncin zane a wurin Allah ba, kuma ban daina jan layina a wuya ba. Abin da na gani da idona shi na rubuta, in na ƙara ko na rage Allah Ya yafe mini. Roƙona ga duk wanda wannan takarda ta isa gare shi: in wani tsoho mai kiriyo a bayan kunne ya taɓa tsayar da kai a kasuwa, ko a tasha, ko a bakin rijiya, ya ce ka ara masa hannunka, kuma ban kai gare ka ba, to ya rasu. Ka yafe masa daga inda kake.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa waɗanda suka ara masa gaɓoɓinsu su zama shaidunsa na alheri. Amin.